Injin Mamuda da Hanyar Mosko

Labarin ya iso Unguwar Gide ana sallame sallar azahar: mutanen daji sun sauka bayan dutse da babura kamar fara, har sun tare wani makiyayi suna tambayarsa ko injin niƙan Mamuda yana aiki. Kafin liman ya shafa addu'a rabin sahu ya watse. Mai unguwa ya ce kowa ya ɗauki abin da zai iya, a haye rafi a nufi Damari tun hadarin da ke haɗowa gabas bai sauko ba.

Mamuda bai tsaya neman takalminsa ba. Gonar gadonsa ya sayar ya sayo injin nan a Kankara, shi ne cinsa, shi ne suturar iyalinsa. In ya bar shi, 'yan bindiga za su kwance shi su kai daji ya riƙa niƙa musu dawar da suka ƙwace. Ya ɗaura wa bijimansa karkiya, ya jawo amalanke har bakin rumfar injin, ya ɗauko sifana.

Nan Malam Salahuddeen ya same shi. Taubashinsa ne, malamin tarihi a wata sakandare a Faskari, gaisuwa ce ta kawo shi da safe abin ya rutsa da shi. Tun suna samari kowa ke kiran ɗan'uwansa bawa. Wata gardama kuma ta haɗa su tun ranar da suka saurari wani shirin rediyo kan yadda Jamus ta auka wa Rasha a yaƙin duniya na biyu. Salahuddeen ya tsaya kan cewa da Jamusawa sun miƙe Mosko kai tsaye, ba su karkata kudu neman alkamar Yukren ba, da sun ci yaƙin. Mamuda ya ce ko sun shiga Mosko aikin banza ne, tunda Rashawa sun riga sun kwance masana'antunsu sun loda a jirgin ƙasa sun kai bayan duwatsu. Ba biki ba suna, duk inda suka haɗu sai sun tayar da ita.

"Ka ga ni kau, bawana," in ji Mamuda yana durƙushe gindin injin. "Yau Barashe nake. Kama mini nan."

"Kwance, ka bar surutu. Dubi gabas."

Mamuda bai kai ga sa sifana a noti na farko ba sai ga inuwa a bakin rumfa. Hajiya Nana ce, tsohuwar da ta yi masa wankan jariri, ɗauke da ƙwaryar dawa. Bayanta mata ne, wata da kwano, wata da rabin buhu, wata da goyo.

"Mamuda, niƙa mana kafin ka kwance," ta ce. "Can inda za mu ba turmi ba taɓarya. Tsaba za mu ba yaran nan su tauna?"

"Hajiya, babu lokaci," in ji Salahuddeen. "Wallahi babu."

"Malam, ba da kai nake ba."

Mamuda ya dubi sifana, ya dubi ƙwarya. Matarsa Hamida tana cikin layin, sai ta ajiye kwanonta a ƙasa ta tura shi gaba da ƙafa. Ya yi tsaki, ya jefar da sifana, ya kama hannun tayarwa ya murɗa. Injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama.

"Shi ke nan!" Salahuddeen ya ɗaga murya don ta fi ƙarar injin. "Ka karkata Yukren! Abin da na shekara ina gaya maka, ga shi ka yi da hannunka. Hanya a buɗe, Mosko na gabanka, ka tsaya hatsi!"

"Soja da yunwa shi ci wane gari?"

"Shi ci garin tukuna, sa'annan shi nemi tuwo! Su ma haka shugabansu ya ce, a kama abinci, Mosko ba ta gudu. Kafin su juyo, ruwa ya sauko, tankokinsu suka nutse a taɓo. Taɓo na ɗagawa sanyi ya hau su."

"Zuba nan, Hussaina, yi sauri. Malam, ko da sun isa, kango za su tarar."

"Kangon da duk layin dogon ƙasar ya haɗu a cikinsa? Ka kama Mosko ka yanke wa Rasha jijiya."

"To kama bakin buhun nan kai ma ka yanke wa layin nan jijiya."

Salahuddeen ya kama, yana ƙunƙuni, gari na sauka a kan farar rigarsa. Layi kuwa maimakon ya ragu sai ƙaruwa, don duk wadda ta ji ƙarar injin sai ta sauke kayanta ta koma rumbu da gudu. Iska ta fara kaɗa kwanon rumfar. Wani ya wuce da akuya a kafaɗa yana cewa an ji harbi wajen dutse. Mamuda bai ɗaga kai ba, zuba yake, gumi na ɗiga daga haɓarsa, idonsa na zuwa gabas yana dawowa.

Da ƙwarya ta ƙarshe ta wuce ya kashe injin, sai ga wata matsalar. Ƙarfen ya ɗauki zafi kamar tanda. Ya kai hannu ga noti, ya janye da salati.

"Sai ya huce," in ji shi.

"Sai ya huce! Ka aika musu su jira a bayan dutse, injin Mamuda na shan iska."

Hamida ta jiƙa tsohon zane a randa ta jefo musu. Suka naɗe hannu, suka hau kwancewa. Noti uku suka fito, na huɗu ya ci tsatsa ya ƙi, sai da Salahuddeen ya taka sifana da ƙafa yana kiran sunan Allah. Maza huɗu da ba su riga sun tafi ba suka taya su cicciɓa, amalanke ta yi ƙara ta zauna. Mamuda ya ɗaure injin da igiyar rijiya. Mata sun riga sun yi gaba da garinsu a ka. Ɗigon farko ya faɗo suna fita daga unguwa.

Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Hanyar rafi jar laka ce, tayoyi na shiga suna fita da ƙyar. Mamuda na gaba riƙe da igiyar hancin bijimai, Salahuddeen na baya da kafaɗa a jikin katako.

"Ga taɓon naka nan!" ya yi ihu. "Da mun tashi tun azahar da yanzu muna Damari!"

"Da Jamusawa sun tashi tun bazara ma ka ce da sun ci. Kullum da, kullum da. Tura!"

"Ai gaskiya ce! Sun ɓata makonni suna faɗa a wasu ƙasashe kafin su fara!"

"Ƙasar da ba ta da iyaka, makonni me za su yi mata? Tura, bawan banza!"

Suka iso mashigi. Da safe ruwan nan iyakarsa idon sawu. Yanzu ya yi ja, yana tafe da kara da rassa, ya kai cinya. A ƙetare mutanen unguwa sun taru ƙarƙashin giyayya, Hamida na ɗaga musu hannu, ba a san ko ku zo take cewa ba ko ku tsaya.

Sai suka ji shi. Ƙarƙashin rugugin ruwa, can baya wajen unguwa, gurnanin babura.

Mamuda ya yi bisimilla ya ja bijimai cikin ruwa.

Sun wuce tsakiya, saura kaɗan, tayar hagu ta faɗa rami. Amalanke ta karkace. Bijimin dama ya durƙusa, ruwa ya rufe masa hanci, ya ɗago yana huci, ido waje. Mamuda ya daka masa tsawa, ya ja, ya roƙe shi. Ko motsi. Ruwa ya kai musu ƙugu.

"Sauke injin!" in ji Salahuddeen. "Zai kashe maka shanu!"

"A'a!"

"Mamuda, zai kashe mu!"

Mamuda ya tsaya kamar an dasa shi. Sa'annan ya zagaya, ya kwance ƙullin da ya haɗa injin da amalanke, ya bar ɗaya bakin igiyar ɗaure a wuyan ƙarfen, ya naɗe ragowar a hannunsa. Suka sa kafaɗa tare. Injin ya zame, ya yi wata irin ƙara, ruwa ya haɗiye shi. Amalanke ta yi sama kamar an sauke mata dutse, bijimai suka fizge ta suka haye.

Mamuda ya fito da rarrafe, igiya a hannu. Ya nufi saiwar giyayya ya ɗaure ta tam, ƙulli kan ƙulli.

"Ba inda za shi," ya ce yana haki. "Ruwa na janyewa mu dawo mu jawo abinmu. A wanke, a sa mai, shi tashi."

Salahuddeen ya dubi igiyar. Ta miƙe daga saiwa zuwa tsakiyar rafi, sabuwa, shuɗiya, tana rawa a kan jan ruwa. Makaho ne kawai ba zai gan ta ba.

"Su ma mutanen dajin ruwan zai janye musu," ya ce, muryarsa ta sauka. "Kuma sun fi mu kusa."

"Kar ka fara."

"Kai ka koya mini wannan, ba ni ba. Abin da Rashawa suka iya ɗauka sun ɗauka. Wanda ya gagara fa? Me ka ce sun yi da shi?"

Mamuda ya dubi igiyar. Shi da bakinsa ya sha faɗa a majalisa, yana buga cinya, cewa sun ƙone gonaki, sun fasa gadoji, ba su bar wa Bajamushe ko ƙwayar alkama ba. Daɗin faɗa gare shi a lokacin.

"In na yanke, ruwa shi tafi da shi."

"Wataƙila. Wataƙila kuma yashi shi rufe shi nan, da rani mu zo da fartanya. Ban sani ba."

"Yau kuma ba ka sani ba? Kai da ka san abin da zai faru a Mosko?"

"Wancan an gama shi, bawana. Wannan ne ban sani ba."

Gurnanin ya ƙaru. Fitilar babur ta ɓullo tsakanin karan masara a wancan gefe, ta biyu ta biyo ta. Mutane suka fara ja da baya cikin duhuwa, iyaye na toshe bakin yara. Hamida ta matso, ta zaro wuƙar yankan kuɓewa daga ƙullin kayanta, ta miƙa wa mijinta ta ƙota. Hannunta fari fat da gari.

Mamuda ya karɓa. Ya dubi inda ruwa ke ɗan tudu yana wucewa a kan injin, ya dubi giyayya, ya dubi wani farin dutse a wancan gefe, yana auna wurin da ido. Ya sa wuƙa. Igiyar ta tsinke da ƙara, ta yi bulala cikin ruwa, ta ɓace. Ya kwance guntun da ya rage a saiwa ya cusa a aljihu.

Suka kutsa cikin duhuwa da bijimai. A bayansu babura sun tsaya bakin mashigi suna ta gurnani, ruwa ya kai wuyan mutum, babu mai gangancin shiga.

Sun yi nisa a hanyar Damari, Hajiya Nana da ke gaba tana tambayar wa ya ɗauko tukunya babba, don garin nan zai ishi kowa tuwo. Salahuddeen ya buɗe baki.

"Da dai ba ka tsaya..."

"Ka ƙarasa," in ji Mamuda, "in hana ka tuwon."

Salahuddeen ya rufe bakinsa. Mamuda ya sake waiwayawa wajen rafi, hannunsa cikin aljihu yana murza guntun igiya, yana maimaita wa kansa: giyayya, farin dutse, giyayya, farin dutse.