Suna Guda, Gaba Guda

Gidaje uku ne suka sari garin: gidan maƙera, gidan mahauta da gidan masaƙa. Wanda ya riga wani sauke kaya kuwa, wannan gardama ce da ta ci kakanni, ta ci iyaye, ga ta nan tana cin jikoki, kuma babu alamar za ta ƙoshi. Abu ɗaya kawai suka yarda da shi su duka: su suka haƙa tsohuwar rijiyar tsakiyar gari, don haka duk wanda ba daga tsatsonsu ya fito ba, ruwan aro yake sha.

Mai gyaran keke yana cikin masu shan ruwan aro. A garin aka haife shi, a nan aka haifi ubansa da kakansa, amma da yake kakan kakansa ya iso ne shekaru da yawa bayan an riga an ga ruwa, sai aka laƙaba wa gidansu gidan baƙi, shi kuma Baƙo. Furfura ta cika masa kai yana amsa wannan suna. In an kira shi yakan yi dariya, don mutum ne mai fara'a, amma abin yana ci masa rai ƙwarai, kuma babu wanda ya san haka sai matarsa.

Rumfarsa tana kallon rijiyar. Tsofaffin tayoyi rataye a ƙusa, ga kwanon ruwan da yake tsoma tiyub don neman huda, ga famfo mai kukan tsohuwar akuya, ga benci wanda ƙafarsa ɗaya bulo ne. Daga nan yake ganin duk mai zuwa ɗiban ruwa, daga nan kuma tun yana saurayi yake kallon yasar rijiya, aikin da ya fi komai burge shi a duniya.

Ga yadda suke yi. A ɗaura wa mai shiga igiya a ƙugu, dattawan gidajen uku su riƙe, wanzami ya tsaya a bakin rijiya yana kiran iyayen mai shigar, daga ubansa ya yi sama har ya kai ga wanda ya haƙa. Kowane suna ya faɗa, masu igiya su saki gaba guda, wato tsawon hannu biyu a buɗe. Da haka hannuwansu ke tafiya tare, babu mai sakin igiya da garaje, na ciki kuma ya san inda ya kai. Sunan ƙarshe na fita, ƙafa na taɓa laka. Shi ya sa ba a saka kowa sai ɗan gidajen uku, kuma ta uba kaɗai ake ƙirge.

Wata shekara rijiyar ta fara rowa. Guga ya tafi da murna ya dawo rabi, rabin ma jajir da laka. Autan masaƙa, wanda ya saba shiga, ya tafi birni neman aiki, ya aiko da gaisuwa da hoton kansa cikin kwat. Aka duba sauran 'ya'yan gidajen uku. Maƙeri yana da tumbin da ko ƙofar ɗakinsa a karkace yake shiga. Mahauci ya fi shi. Masaƙi siriri ne, amma in ya leƙa randa ma jiri ke ɗibarsa. Samari kuwa kowa ya tuna yana da ciwon baya.

Ran nan da hantsi Baƙo yana ɗaure kacar wani keke, sai ga dattawan uku sun yi sallama, kowa da murmushi har kunne. Maƙeri ma har ya tambayi lafiyar iyali sau biyu. Baƙo ya ajiye sifana, ya ce a ransa ruwa ba ya tsami banza.

Maƙeri ya zauna, bencin ya yi ƙara. Ya ce, "Baƙo, mun yi bincike. Ashe kai namu ne! Kakan kakanka ƙanen kakanmu na farko ne. Tare suka taso, shi ya tsaya ɗaure takalmi a hanya, shi ya sa ya makara."

"Takalmin ya ɗauke shi shekaru ke nan," in ji Baƙo.

Mahauci ya daka tsalle. "Kada ka saurare shi! Ku dubi kunnuwansa don Allah. Waɗannan kunnuwa a gidanmu kaɗai ake yin su."

Masaƙi ya ce cikin sanyin murya, "Ni dai ƙafafu nake kallo. Duk garin nan wa ke da sandunan ƙafa irin waɗannan in ba mu ba?"

Nan suka kaure da musu a kansa kamar 'yan kasuwa a kan rago, har sai da ya ce su yi wa Allah su faɗi abin da ya kawo su. Suka faɗa. Shi kaɗai ne mai jikin shiga da zuciyar shiga. Ya zaɓi gidan da yake so, wanzami ya kira masa sunayen wannan gida, shi ke nan ya zama ɗan gari, an wuce wurin.

Abin da ya kwana yana so ya tashi yana so tun ƙuruciya, ga shi an kawo masa har rumfa. Ya kamata ya yi murna, amma murnar ta ƙi zuwa. Ya ce su ba shi zuwa gobe.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki, allura a baki, tana haɗa hannun riga. Ya kwashe labari ya faɗa mata. Ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen layi.

"To, Baban yara, wanne uban ka zaɓa? Mai tumbi, ko mai kunne?"

"Ke komai wasa."

"Ba wasa nake ba. Tsohon da ya goya ka a bayansa yana faci, ya koya maka riƙon sifana, shi za ka ajiye a bakin rijiya kamar takalmi ka shiga da na wani?"

Ya tuna da tsohon. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, ubansa ne ya zame masa uwa da uba, bai kuma ƙara aure ba. Tuna wannan kawai ya ishe shi amsa.

Washegari ya sami dattawan ya ce zai shiga, amma da sunayen gidansu. Suka kalli juna. Masaƙi ya buɗe baki zai ce ba a taɓa yi ba, sai ya tuna ruwan da matarsa ta ba shi da safe, wanda sai da ya tauna kafin ya haɗiye. Suka ce to. Murnar samun mai shiga ta hana kowa tsayawa ya yi tunanin komai.

Gari ya taru, maza a gaba, mata a baya da bokitai. Aka ɗaura wa Baƙo igiya, ya tuɓe riga, haƙarƙarinsa a waje kamar wayoyin keke. Ya zura ƙafafu, ya kama gungumen da ke gicciye a baki, ya saki. Wanzami ya gyara murya.

"Ɗan Mai-Faci!"

Igiya ta tafi gaba guda. Baƙo ya kasa kunne. Sunan ubansa ke nan a bakin rijiyar nan, a gaban kowa.

"Ɗan Dogon-Wuya!"

Gaba guda. Sanyi ya fara taɓa masa ƙafa.

"Ɗan Sarkin-Barci! Ɗan Mai-Jaki, wanda ya zo!"

Igiya ta ƙara tafiya, sannan ta tsaya cak. Baƙo ya jira. Ya duba ƙasa, ruwa na can nesa yana ƙyalli. Ya duba sama, bakin rijiya ya koma kamar faranti, kawuna sun kewaye shi. Shi ba sama ba, shi ba ƙasa ba, yana juyawa a hankali.

Ya ɗaga murya. "Lafiya?"

Wanzami ya leƙo. "Sun ƙare."

"Me ya ƙare?"

"Iyayenka. Daga Mai-Jaki ban san kowa ba. Kai ka sani?"

Bai sani ba. Mai-Jaki ya zo da jakinsa ne kawai, bai zo da labari ba.

"To ku ci gaba da saki mana!"

Sai dai wannan ita ce matsalar. Mutanen nan tun suna yara hannunsu bai taɓa sakin igiyar rijiya babu suna ba. Maƙeri ya ce a saki, amma yatsunsa suka ƙi buɗewa. Mahauci ya saki kaɗan shi kaɗai, igiya ta fizge, Baƙo ya bugi bango da kafaɗa ya yi salati. Masaƙi ya ce a jawo shi a sake shawara. Maƙeri ya ce a ara masa na maƙera, mahauci ya ce sai dai na mahauta, tsohuwar gardama ta tashi sabuwa fil, gumi na zuba, igiya na cin tafin hannu.

A can ciki Baƙo yana jin komai, don rijiya ba ta ɓoye magana. Kunya ta rufe shi. Za a jawo shi sama a gaban gari, a gaban 'ya'yansa, kowa ya gani da idonsa cewa asalinsa bai kai rabin rijiya ba. Gara ma da bai shiga ba. Ya rufe ido yana jiran a fara ja.

Sai ya ji muryar da ya fi sani a duniya, muryar matarsa, ta keto hayaniyar.

"Ku matsa! Wai shi daga sama ya faɗo? Ba mace ce ta haife shi ba?"

Wanzami ya ce, "Yi haƙuri, ba a ƙirga ta wajen mata."

"Kai ba ka ƙirgawa. Mu muna yi, a bakin murhu, kullum." Ta dafa gungumen, ta leƙa, ta ɗaga murya yadda duk gari zai ji. "Ɗan 'Yar-Lele! 'Yar-Lele 'yar Ƙaton-Guduma na gidan maƙera!"

Ƙaton-Guduma kakan maƙeri ne, sunan da ya saba sakar wa igiya tun bai yi gemu ba. Kafin ya yi tunani hannunsa ya buɗe, na sauran suka bi. Gaba guda, gaba biyu.

Baƙo bai ma ji tafiyar igiyar ba. 'Yar-Lele. Ubansa bai taɓa iya furta sunan ba har ya koma ga Allah, sai dai ya ce "mai ɗakin nan". Shi kuma bai san fuskarta ba, bai san muryarta ba. Yau ga sunanta yana saukowa, bango na miƙa wa bango, har ya iso kunnensa. Hawaye suka zubo masa, ya bar su, tunda babu mai gani.

A sama kuwa wuri ya rikice. Wata tsohuwa daga gidan mahauta ta ture bokiti ta matso da sandarta.

"In haka ne uwar ubansa tamu ce! Mai-Dariya, 'yar Wuƙa-Biyu! Ni na gaji turminta!"

Mahauci ya saki igiya yana washe baki. "Na faɗa muku kunnuwan nan!"

"Matar Sarkin-Barci fa?" in ji wata daga gidan masaƙa. "Uwar-Tagwaye, 'yar Zare-Ba-Ƙulli. Ita ke tashinsa da ruwan sanyi!"

Aka fashe da dariya, igiya na tafiya. Mata suka karɓe aikin baki ɗaya. Wannan ta kira uwa, waccan ta kira uwar uwar, wata ta gyara mata ta ce a'a, ƙanwar ce ba yayar ba. Sunayen da ba a taɓa ji a dandali ba suka yi ta fitowa, na masu daka da masu goyo da waɗanda suka ɗebi ruwan farko a rijiyar nan. Wanzami ya ga ba shi da abin yi, ya koma yana maimaita abin da suka faɗa da muryarsa ta aiki. Har sai da Baƙo ya yi ihu daga ciki, "A hankali, jama'a, kada ku jefa ni!"

Ƙafarsa ta nutse cikin laka mai sanyi har gwiwa. Ya tsaya. Amma a sama ba su sani ba, kira suke ta yi, igiya na ta saukowa tana naɗewa a kafaɗarsa da kansa. Rijiya ta ƙare, sunaye ba su ƙare ba. Ya tsaya a wurin bai ce musu komai ba, yana sauraro, don ba ya so ko ɗaya ya wuce shi.

Can maƙeri ya ji igiya ta yi sako-sako a hannunsa. Ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya kwanta da tumbinsa a kan gungume, ya leƙa cikin duhu. Ya buɗe baki zai kira sunan da ya saba kira, sai ya tsaya. 'Yar-Lele ƙanwar ubansa ce. Ya tuna ta sarai, ita ke ɓoye shi a bayan ƙofa in ya yi ɓarna.

"Ɗan goggo!" ya kira. "Ka isa?"

Baƙo ya ɗaga kai sama. Ya share fuska da bayan hannu, ya shafa wa kansa laka.

"Na isa, ɗan kawu," ya ce. "Ku sako guga."