Muryar da Ta Ƙare Ran Laraba

Kwana uku kacal sabon malamin ya yi a aji huɗu, muryarsa ta ƙare. Malamai suna ce masa Ɗan Kwalisa, don kullum rigarsa a goge take, ga biro uku a aljihu. Yara saba'in da biyu aka ba shi, shi kuwa ya ɗauka wanda ya fi ƙarfin murya shi ke da aji. In sun yi surutu ya daka tsawa, in sun ƙara ya maka tsumman goge allo a tebur, garin alli ya tashi ya shige masa maƙogwaro. Ran Laraba da aka tashi, ko sallama ba ya iya amsawa.

Ga shi washegari hedimasta zai zauna a bayan aji ya ga koyarwarsa, daga nan a san ko za a riƙe shi ko a sallame shi.

Ya zauna a ɗakin malamai, ya yago takarda ya fara rubuta wasiƙar ajiye aiki. Gara ya tafi da ƙafarsa da a ji kunyarsa a gaban yara. Sai ga malamar lissafi, wadda ta shekara ashirin da shida tana koyarwa, kowa Inna yake ce mata.

"Ɗana, wasiƙar budurwa ce ake rufewa da hannu haka?"

Ya tura mata. Ta gyara tabarau ta karanta.

"Wai ka ga ba za ka iya ba. To wa ya ce maka ka iya? A kwana uku? Ni wata biyu na yi ina kuka a bayan ƙofar can, masinja yana tsammanin mura nake." Ta jawo kujera. "Maƙogwaro ɗaya gare ka, su saba'in da biyu. Ka ja su gasar ihu, ai dole su kayar da kai. Sunan yara nawa ka sani?"

Ya ɗaga yatsu huɗu.

"Su ma fitinannun ne, ko?"

Ya sunkuyar da kai.

"Gobe ka rubuta allonka tun kafin ƙararrawa, kada ka ba su baya. In sun shigo ka tsaya, kada ka ce uffan. Za ka ji kamar shekara. Ka daure." Ta ninke wasiƙar ta jefa a jaka. "Jibi in kana so ka zo ka karɓa."

Ran Alhamis ya yi yadda ta ce. Hedimasta ya matse kansa a bencin ƙarshe, yara kuwa suka ci gaba da hayaniyarsu kamar ba kowa. Ɗan Kwalisa ya tsaya, hannu a baya. Hedimasta ya dubi agogo. Tsawa ta taso masa, ba muryar yin ta.

Can wata yarinya a bencin gaba ta zunguri ta kusa da ita. Shirun ya fara daga nan, ya bi benci benci har bango.

"Muryata ta tafi," ya ce a hankali, kamar mai raɗa. "Wanda ke son ji ya taimake ni."

Suka miƙo wuya. Wajen ƙarshen darasi na baya suka soma ƙus-ƙus, sai ya taka ya je ya tsaya a kansu, suka yi tsit.

A bakin ƙofa hedimasta ya ce, "Ba ka gama darasin ba, rubutunka a allo kuma gangara yake yi. Litinin ka zo da wuri, a nuna maka yadda ake ja masa layi."

Ran Juma'a bai je karɓar wasiƙar ba, Inna ce ta kawo masa. Ya juya bayanta, ya ga ta zana gidaje saba'in da biyu, jeri jeri kamar bencinan ajinsa. Huɗu ta sa wa alama.

"Saura sunaye sittin da takwas," ta ce. "Jiya na leƙa ta taga. Ka fara da mai zungurin nan ta gaba."