Rikodar Ummi

Ranar Lahadi matata Azumi ta dawo daga makarantar 'yan mata da takarda a hannu. Ni ban taɓa shiga makarantar ba, namiji ba ya wuce bakin ƙofa. Duk abin da na sani game da ajin 'yata, daga bakin uwarta na ji shi.

"Mudira ta ce saura mako uku," in ji Azumi, tana nufin shugabar makarantar. "Idan ta faɗi wannan jarrabawar, sai dai mu nemi wata makarantar."

Wace makarantar? Tun bara muke nema. Inda duk muka je, sai a duba iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a ce a sa sunanta a layi.

Sunan 'yata Bilƙisu, sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Ummi. A nan Riyad aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta gudu. Shekararta goma sha huɗu. Bara wani ciwon kai ya kwantar da ita wata biyu, da ta tashi idanun ba su tashi tare da ita ba. Ƙwaƙwalwarta na nan garau, in ta ji abu sau biyu ta riƙe. Amma malama sau ɗaya take faɗa, sauran kuma a allo take rubutawa. An hana shiga aji da waya saboda kyamara. Abin da mudira ta yarda da shi kawai, rikoda marar kyamara, marar damun aji.

Ni Isiyaku mai gyaran mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki, a wani shago a unguwar Gubaira. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, amma hannuna ya san waya da lantarki. Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne.

Na sayo rikoda a kasuwar Dira, 'yar siririya kamar kwalin cingam. Kwana uku Ummi tana zuwa da ita. A rana ta uku muka zauna za mu saurara, babu komai a ciki sai shiru. Maɓallanta a shafe suke, duk girma ɗaya, kuma abin da ke nuna tana ɗauka wata 'yar jar fitila ce. Ni na tsaya a shago na ga fitilar ta kama, na ce wa mai shagon, "Tamam, ta yi." Ban tuna wa nake saya wa ba.

Na kai wa Salissou, mutumin Damagaram mai gyaran rediyo a bayan kasuwar Dira. Ya juya ta, ya dube ni.

"Bakano ke nan. Ka sai wa marar gani fitila. Gobe sai ka sai wa kurma rediyo, in samu ciniki."

"Salissou, yau ba ranar wasa ba ce."

Ya ga fuskata, ya jawo kujera. Ya sa mata wani abu mai ƙara, in ta fara ɗauka ta yi ƙit sau ɗaya, in ta tsaya sau biyu. Kwana ɗaya ta yi a aji. Yara suka riƙa kwaikwayon ƙarar da baki duk sanda Ummi ta motsa, malama ta aiko a cire. Ummi ba ta ci abinci ba ranar.

Sai na yi dabarar da na ɗauka ita ce ƙarshe. Na ɗauko gam ɗin da muke narkawa da bindiga a shago, na ɗiga a kan maɓallan: ɗigo ɗaya na ɗauka, biyu na tsayawa, uku na saurare. Maɓallin gogewa, wanda ke ƙasan na ɗauka, na bar shi ba alama. Na zauna a falo, mukayyif na busawa, na rufe ido na gwada sau ashirin, ban kuskure ba. Na ce wa Ummi, "Ki nemi ɗigo ɗaya, ki danna ki riƙe har ki ƙirga uku."

Ya yi aiki. Kwana biyar cur tana dawowa da muryar malamai a jaka. Lissafi, tarihi, fiƙihu. Na fara iya haɗiye tuwo.

Ranar Asabar na karɓi rikodar don Salissou ya canja mata batiri. A hanyar dawowa kafilina, ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya kira, wai mukayyif ɗin wani shagon dabino a kasuwar Utaiƙa ya tsaya, in je yanzu. Na ajiye rikodar a gaban mota, jingine da gilashi, na kulle. Awa huɗu na yi a kan rufin shagon. Watan Mayu ne. Ni da nake cin abinci da zafin garin nan, ni ne na manta da shi.

Lahadi da azahar Ummi ta shigo mota, ta miƙo mini rikodar. Na duba. Ɗigon ya narke, ya gangaro, ya daskare a kan maɓallin gogewa. Ta neme shi kamar yadda na koya mata, ta danna, ta riƙe, ta ƙirga uku. Karatun kwana biyar ya tafi.

Litinin Salissou ya yini a kanta, ya haɗa ta da kwamfuta, ya kira wani abokinsa. Da la'asar ya girgiza kai. Na fito na zauna a bakin titi kamar wanda aka kora daga aiki. Jarrabawa Alhamis. Abin da ya rage shi ne Laraba, ranar da malama za ta yi bitar duk abin da zai fito. Rana ɗaya, dama ɗaya.

Da na koma gida na baje kayan aiki a tabarma, na ɗaure idona da ɗankwalin Azumi, ina laluben rikodar, ina tunanin ƙusa ko ɗinki ko wani gam mai jure zafi. Ummi tana zaune a gefe.

"Baba, me kake yi?"

"Na rufe ido ne, ina gwadawa."

"Kullum kai kake rufe ido." Ta yi maganar a hankali, da Hausarta mai karyewa. "Kai in ka gaji sai ka buɗe. Ni ba ka taɓa tambayata ba."

Azumi ta ce, "Ke, babanki kike gaya wa haka?"

"Ƙyale ta," na ce. Na kwance ɗankwalin. "To Ummi, na tambaye ki."

Ta tashi, ta bi bango da hannu har wajen babban makunnin mukayyif, ta ɗora tafinta a kai.

"Wannan ba ya yi mini ƙarya. In yana ƙasa, a kunne yake. Ko bayan awa ɗaya na taɓa, yana nan inda na bar shi. Naka kuwa in na danna sai ya dawo yadda yake, in zauna har a tashi aji ina tunani, ya ɗauka ko bai ɗauka ba? Ba na ma jin abin da abla, malamarmu, take faɗa saboda tunanin."

Irin wannan makunnin, ƙanana da manya, cike suke da akwatin aikina. Shekara goma sha tara ina ɗaura su a gidajen mutane.

Talata tun kafin a buɗe kasuwa ina ƙofar Salissou. Ya tono wata rikoda marar murfi daga durowa, irin wadda da ta samu wuta sai ta fara ɗauka, in an yanke ta adana. Muka sa ta a robar sabulu, muka fasa gefe muka ɗaura ƙaramin makunni mai tsayawa inda aka sa shi. Maɓallin saurare guda ɗaya, babba, a ɗaya gefen. Na gogewa kuwa Salissou ya cire shi da filaya ya jefa a shara.

"Muni dai ta yi muni," in ji shi. "Kamar kai."

Wannan karon ban gwada ba. Na ajiye ta a gaban mota awa biyu a rana, sannan na kai wa Ummi da zafinta. Ta juya ta, ta kunna, ta kashe, ta kunna. Ta ce a rage kaifin gefe ɗaya, yana kama mata aljihu. Na goge da fayil ɗin ƙarfe.

Laraba ban je aiki ba. Kafili ya kira sau huɗu, ban ɗauka ba. Tun ƙarfe goma ina ƙofar makarantar, ina kallon bangon da ba zan iya tsallakawa ba. Idan batiri ya mutu fa? Idan wayar lantarkin da na liƙa ta sake? Idan yara suka yi wa robar sabulun dariya ta ɓoye ta a ƙasan jaka? Da aka tashi, na ba maigadi suna, ya ɗauki makirfo ya kira, "Bilƙisu Isiyaku." Sai da ya kira sau uku. Wata ƙawarta ta riƙo hannunta har bakin ƙofa.

Ummi ta zauna a kujerar baya, ta ɗora robar a cinya. Ban tada mota ba. Na juyo ina kallonta.

Ta danna babban maɓallin. Ƙarar kujeru, tarin wata yarinya, sannan muryar mace, tar, tana Larabcin littafi wanda ba na gane rabinsa.

Na kifa goshina a kan sitiyari.

"Baba, bitar awa biyu ce da rabi," in ji Ummi. "Kuma ta ce akwai babi biyu da ba za ta maimaita ba, wai an yi su makon jiya."

Makon da na narkar a gaban mota.

"Za ki iya?"

"Ban sani ba. Yalla, ka tuƙa, amma a hankali. Kuma ka kashe mukayyif, yana hana ni ji."

Na kashe. Na rufe gilasai saboda ƙarar titi. Muka kama hanyar Gubaira, gumi na zuba mini a ido, ita kuma tana bin malamar da leɓɓanta, kalma bayan kalma.