Dutse Na Goma Sha Uku

Duwatsu goma sha biyu Ulrike ta jera wa mahaifinta a faranti, kamar yadda suka haddace a gida. Yanzu kuwa goma sha uku take gani.

Shekara biyu ke nan idanun mahaifin nata, Farfesa Mehnert, suna mutuwa. Ban da ita ba wanda ya sani a makarantar ma'adinai ta garinsu, can cikin tsaunukan Saksoni. Ita ke jera masa duwatsun, ta koma bayan allo ta tsaya. Shi kuma ya shafa da yatsu, ya ƙirga fuskoki da kusurwoyi, ya ɗanɗana da harshe kamar yadda masana duwatsu suka saba, sannan ya faɗi suna. Ranar da aka gane, aikin ya tafi, har da gidan da suke ciki.

Malam Uhlig, mataimakinsa da ya daɗe yana hangen kujerar, shi ya ajiye na goma sha ukun cikin wani ƙaramin akwati a ƙarshen layi. Yau kuma Shugaban ma'adinai na zaune a bencin gaba.

"Ga tsaraba, Farfesa," in ji Uhlig. "Kai da ko a duhu kake gane dutse, wannan ai wasa ne."

"Da kai ma kana ganewa da rana tsaka, da na huta," in ji tsohon. Ɗalibai suka tuntsire da dariya.

Ulrike ta leƙa. A jikin akwatin akwai takarda mai baƙin gicciye da manyan haruffa. Farar gubar nan ce da ake kankarowa daga bututun hayaƙin wurin narka azurfa, wadda ake kashe ɓeraye da ita. Takardar na daidai hancin mahaifinta.

Ya ɗauki ƙwayar da ke cikin akwatin, ya juya ta a yatsunsa.

"Fuska takwas, kowace mai kusurwa uku. Alimun ne. Harshe zai tabbatar."

Ɗaliban suka sake dariya, a zatonsu zolaya yake. Uhlig bai yi dariya ba. Bakinsa a buɗe, idonsa a kan hannun tsohon.

Ulrike ta zuba wa ƙwayar ido. Tunda take shiga ɗakin nan ba ta taɓa yin ko tari ba. Ta so ta ce wani abu mai dabara, ba abin da ya zo. Hannun tsohon na ta tashi, ga harshensa ya leƙo.

Ba ta san sanda ta isa ba. Sai ganin tafinta ta yi a kan bakin mahaifinta, gemunsa na sukar ta, numfashinsa da ɗumi.

"Baba, kar ka lasa."

Tsohon ya janye hannunta a hankali.

"Me aka rubuta, 'yata?"

"Guba, Baba."

"Da manyan baƙi?"

"Da manya."

Ya mayar da ƙwayar, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya a jikin rigarsa. Ya juya wajen bencin gaba, sai dai ya ɗan kauce, taga yake fuskanta.

"Ranka ya daɗe, ka dai ji."

"Na ji, Mehnert," in ji Shugaban, idonsa a ƙasa.

Tsohon ya miƙo gwiwar hannunsa. Ulrike ta riƙe shi.

"Matakala nawa ne zuwa ƙasa?" ya tambaya, bai ko rage murya ba.

"Goma sha tara, Baba. Na farkon ya ɗan karye."