Ƙwaryar Kaltumi

Kaltumi ta tura ƙofar biro, ofishin Jamilu, ba sallama.

"Mushe Jamilu, ni ka cire?"

Jamilu, wanda porje, shirin horar da ƙungiyoyin wasa, ya aiko daga Yamai, ya ɗago kai. "Inna, ba ni ba ne. Daga shekara sha takwas zuwa talatin da biyar aka ce. Ga shi a rubuce."

"Nuna wa wanda ya yi lakwal ya iya karatu. Talatin da biyar! Ƙwaryar da 'yan matan suke bugawa ta girmi haka."

Shekara arba'in tana jan kiɗan ruwa a Gure. 'Yan matan ƙungiyar su tara, ita ta koya musu riƙon sanda. Gobe mota za ta kai su Damagaram, kwana goma ana mai da su ƙwararru, da ƙwaryarta, da waƙoƙinta, ban da ita. Fa'iza, da ta iya sa hannu, ita ce shugaba a takarda.

"To, na ji, an bar ni. An ce har kiran sunaye kun yanke."

"Minti bakwai ake ba kowace ƙungiya, Inna. Kiran matattu kaɗai minti uku ne."

"Ba a taɓa ruwa sai an kira waɗanda suka koyar suka tafi! A'i ta Gamu, da ta koya mini, ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba. In ba a kira ta a bakin ƙwarya ba, ina za a kira ta? Don Allah, yaro. Ita kaɗai ma."

Ya duƙar da kai kan takardunsa.

"To a ba ni ƙwaryata."

Ta zagaya rumfar baya, inda suke gwaji. Tun daga nesa ta ji ƙarar, dum, dum, kamar ana dukan buhun hatsi. Sun danne ƙwaryar cikin ruwa, iskar duk ta fita.

"Inna," in ji Fa'iza, ba ta dube ta ba, "tun jiya ta ƙi magana."

Kaltumi ta durƙusa gaban kwano, ta kama ƙwaryar hannu bibbiyu. In ta ɗauke, sai su je Damagaram su buga bokiti. Ba wadda ta motsa.

"Sakarkaru," ta ce.

Ta ɗaga gefe ɗaya kamar yatsa biyu, iska ta shiga, ta saki a hankali, ta ƙwanƙwasa. Ƙwaryar ta amsa, har Jamilu ya leƙo ta taga.

Ta share hannu a zane, ta fita ba komai. A bakin ƙofa ta rage tafiya, kunnenta a baya.

Sai muryar Fa'iza: "A'i ta Gamu, mun gaishe ki." Sanda ba ta sauka ba tukuna. "Kaltumi ta Gure, mun gaishe ki."

A al'ada, ba a kiran masu rai.

Kaltumi ta ɗan tsaya a rana. Sannan ta gyara mayafi, ta kama hanyar gida.