Guringuntsi a Cikin Faranti

Sunana Zamani, ni maɗori ne. Ubana ma haka, kakana ma haka. Gidanmu yana bakin hanyar da ta tashi daga Kafanchan zuwa Zonkwa, kuma duk direban da ke bin ta ya san inda ake sauke mai karaya. Bokona bai wuce karanta Littafi Mai Tsarki ba. Ya ishe ni.

Aikinmu a fili yake. Mai karaya zai zo da zakara. In karya ƙafar zakaran daidai inda ta mutumin ta karye, in ɗora su rana ɗaya, in ɗaure kowa da tsinken gora. Ranar da zakara ya taka, mai shi ya kusa tashi. Fastonmu ya yi wa'azi a kaina har ya gaji. Da babur ya kayar da shi lokacin haƙar citta, da zakaransa ya zo.

Abin da ba a fili yake ba shi ne sharaɗin gado. Hannun da zai karɓi ɗori dole ya zama bai taɓa raba ɗanyen ƙashi da ɗan'uwansa ya bar shi a rabe ba, ko da na kaza ne. Ba a gaya wa magaji wannan sai ranar da za a ba shi. Aikin uba ne ya tsare shi. Shi ya sa ɗana Azariya, shi kaɗai gare ni, bai taɓa feɗe akuya ba. Ranar Kirsimeti samari suna yankan nama, shi yana ɗebo ruwa. Mutane suka ce na sangarta shi.

Da ya tafi jami'a a Jos, har ya gama suka riƙe shi aiki, ya ce mini binciken ƙashi yake yi. Na ɗauka littafi ne da hoto. Abu ɗaya na kafa masa: kada ya riƙe wa mahauci wuƙa, kada ya gyara nama a gida. Ya yi alkawari. Ya kuma cika.

A daminar 1994 babban yatsana na dama ya fara mutuwa. Ina jan cinyar wani ma'aikacin reluwe, hannun ya sulluɓe. Na gama aikin da hagu, ba wanda ya lura. Ni na lura. Da gari ya waye na ɗauki burgamin kakana, jakar fatar da ke ɗauke da maganin gidanmu, na hau mota zuwa Jos don in miƙa wa Azariya.

Ya yi murna da ganina. Ya ce kafin komai sai na ga ɗakin aikinsa. Ɗaki ne mai sanyi, yana warin asibiti. Wata abokiyar aikinsa, Kubra, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce ashe ni ne babban furofesan da ya hana su sakat da labarinsa. Na ce mata furofesa ba ya zuwa da taɓon gona a ƙafa.

Azariya ya buɗe wani akwatin ƙarfe mai ɗumi, ya fito da ɗan farantin gilashi. A ciki akwai ruwa ja-ja kamar zoɓon da aka tsinka. Ya ɗora shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ce in sa ido. Na ga wasu ƙulle-ƙulle farare, cunkushe kamar ƙwan kwaɗo. Ya ce guringuntsi ne. Ya ce a farantin ya tsiro, yana da rai, yana ci, yana girma.

Na janye kaina. Na tambaye shi ina jikin. Ya ce babu jiki. Babu jini, babu uwa. Ya ce idan suka canza masa abinci, sai gefensa ya fara tauri, ya kama hanyar zama ƙashi. Abin da suke son gani ke nan: yadda mai laushi ke komawa mai tauri, saboda yaran da ƙashinsu ya ƙi ƙwari har ƙafa ta lanƙwashe. Ya tuna mini cewa yana ƙarami nakan ɗora yatsansa a kan karaya mai warkewa, ya ji kumburin yana danƙo kafin ya daskare. Ya ce daga nan ya ɗauko.

Na zauna a kujera ba a ce in zauna ba. Shekaru ina jin wannan abu ta bayan fata, ban taɓa zaton ido zai gan shi ba. A raina na ce yaron ya wuce ni, kuma daidai ne. Na sa hannu a igiyar burgami.

Sai na tambaye shi inda suka samo irin.

Ya ce bari in gani, yau ma ranar aikin ce. Kubra ta miƙo masa ƙwan kaza daga akwatin. Ya fasa kan ƙwan, ya ciro ɗan tsakon da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Zuciyarsa tana bugawa, na gan ta. Ya ɗauki wasu tsinkayen ƙarfe biyu, ya cire ƙafar nan, ya cire waccan, ya jefa su cikin ruwa. Sauran ya kife a kwano. Kwanon ba fanko ba ne. Ya miƙa hannu ga ƙwai na gaba yana ci gaba da magana.

Hannunsa bai yi rawa ba. Hannun gidanmu ne sak. Ban taɓa ganin mai kyansa ba.

Na ce, "Yaushe za ka mayar masa da ƙafar?"

Kubra ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Azariya ya dubi fuskata, bai yi ba. Ya ce ba a mayarwa. Ya ce ai ba ta zama ƙashi ba tukuna, guringuntsi ne kawai. Na ce masa da bakinsa ya gaya mini yanzu cewa guringuntsi ƙashi ne da bai isa ba. Na tambaye shi nawa ya cire. Ya dubi Kubra, ita ma ta dube shi. Ba su san adadi ba.

Na tashi na fita. Ya biyo ni har tasha da farar rigarsa, yana tambaya ko ba ni da lafiya ne. A bakin motar Kafanchan ya ga abin da na rataya a ƙarƙashin riga. Ya san shi. Ya tsaya cik.

Tunda ba sauran abin tsarewa, na gaya masa sharaɗin. Magana ce gajera. Kwandasta yana ta buga jikin mota.

"Baba, ai ba ka taɓa gaya mini ba."

"Ba a faɗa."

"Na mahauta ka ce. Na kiyaye."

"Ka kiyaye."

Ya ce zai bar aikin ƙwan daga yau, Kubra ta riƙa yi. Ya ce zai bi ni gida yanzu, a yi duk abin da ake yi a wanke hannun. Na ce babu abin da ake yi. Kakana bai bar mana hanya ba, ni kuma ba zan ƙirƙiro ba. Na ce ya koma ya rufe farantinsa kada ya huce, yaran nan suna jira. Na shiga mota.

Na iso gida ana yayyafi. A ƙofa na tarar da mutanen Kagarko, sun kwantar da wani magidanci a kan tabarma, cinyarsa ta juya. Matarsa tana riƙe da jan zakara. Na durƙusa na taɓa wurin. Na san abin da yake so: jan hannu biyu masu ƙarfi. Na gwada matse yatsana. Ya ƙi.

Na ce su ɗauke shi su kai babban asibiti a Kafanchan. Matar ta ce ai nan aka kwatanta musu, gidan Zamani maɗori. Na ce nan ne. Na ce su yi sauri kafin ruwan ya yi ƙarfi.