Lambar da Mpolokeng Ta Zaɓa

Mako shida ke nan babu wanda ya cinye babban kuɗin cacar loto, kullum sai a tara a kan na baya, har ya kai rand miliyan ɗari da ashirin. A kantin Mme Matshediso da ke Botshabelo, Mpolokeng ce ke kan na'urar buga tikiti, kuma tun ranar Laraba layi yake fita ƙofa ya miƙe har wajen mai facin taya. Masu zuwa sayen burodi da kananzir sai dai su haƙura su juya.

Abin da ya ƙara mata aiki, wata mai kaji ta ci 'yan kuɗi da tikitin da ta saya a wajenta, sai zance ya bazu wai hannun Mpolokeng yana da sa'a. Wasu sai ta shafa musu takardar kafin su yarda a buga. Direbobin haya kuwa tsokana ce ta kawo su.

"Ausi, 'yar'uwata, in na ci, gidan sama zan gina miki," in ji ɗaya daga cikinsu.

"Fara gyara birkin motarka tukuna," in ji ta.

Ranar Asabar da hantsi layi ya zo kan Ntate Lebakeng, wato Baba Lebakeng, wani tsohon ma'aikacin ramin zinare mai fama da tari. Ya cika lambobi biyar cikin shidan da ake zaɓa, ya tsaya riƙe da biro.

"'Yata, ta ƙarshen ta gagare ni. Sha bakwai ko talatin da ɗaya?"

Na baya sun fara gunaguni. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Talatin da ɗaya, Ntate."

Wannan karon ma babu wanda ya ci. Litinin da safe tsohon ya dawo, ya miƙa mata tikitinsa a duba. Na'ura ta nuna ya dace da lambobi biyar. Ta dubi takardar sakamako da ke manne a bango, sai ta ga wadda ya rasa sha bakwai ce. Ta kasa haɗa ido da shi.

"Ntate, ka yafe mini."

"Ni na tambaye ki," in ji shi. Ya yi tari, ya rage murya. "Na gaya wa matata ni na zaɓa da kaina. Ki bar shi a haka, don in ta ji, nan za ta kwana."

Abin da ya samu ya fi ƙarfin a biya a kanti, ta kwatanta masa ofishin da zai je a Bloemfontein. Ya sayi tabar gargajiya, ya sa hularsa ya fita.

Da rana ta roƙi Mme Matshediso ta mayar da ita ɓangaren kayan masarufi.

"Yanzu? Da wannan layin? Sai an cinye kuɗin nan tukuna."

Ta koma kujerarta. Amma daga ranar, duk wanda ya ce ta zaɓa masa lamba sai ta ce na'ura ma tana zaɓa, kuma ta daina shafa takardar kowa. Wasu suka yi fushi suka koma gidan mai da sayen tikiti, Mme Matshediso ta yi ta mita har ta gaji.

Bayan mako biyu wani a can bakin teku ya cinye kuɗin. Ntate Lebakeng ya sake kwanon rufin gidansa, ya saya wa matarsa murhun lantarki. Mpolokeng ba ta taɓa ba kowa labarin ba, har mahaifiyarta.